Abin da Sikeli Bai Auna Ba

A Aboabo, bayan tashar mota,
tukunyata kan hau wuta kafin assalatu.
Wake da shinkafa, karan dawa ya rina su ja,
shito a gefe, taliya, ƙwai, ganda.
Shekara goma sha tara ina ciyar da unguwa,
ni ma ban bar kaina da yunwa ba.

"Obolo," in ji yaron mota,
"kuɗin kujera biyu za ki biya."
Har direba ya dara.
Na taya su, na sauka a Kejetia,
sai a layin masu atamfa
na goge ido da bakin gyale.
Gwiwata na kuka kamar ƙyauren da bai ga mai ba.

Ƙanena Mutawakilu, mai walda a Suame,
farfaɗiya ta bi shi tun yaye.
Bara aka sauya masa ƙwaya a asibiti,
ya daina faɗuwa,
ya daina neman ƙari,
wandonsa ya koma neman igiya.
Ni ke ajiye kwalbar a saman firij,
bayan gwangwanin madara.
Ni ke ƙirga masa.
Wa zai ƙirga mai ƙirga?

Daren Talata na ɗauki ɗaya.
Ba ta kai ƙwayar wake ba.

Sati biyu, yunwa ta yi ƙaura ba sallama.
Ƙamshin miya ya zo ƙofa, ba mai amsa masa.
Lemon kwalba ya koma ɗanɗanon ƙusa,
kiyashi suka tare a yatsuna.
Sherifatu tela ta rage min inci huɗu,
ta ce, "Yaya Barira, wane malami ne?"
Na ce azumin nafila.
Allurar sikelin kemis tana sauka,
ina bin ta da ido kamar mai duban wata.

Ashe ba kitse kaɗai take ci ba.
Ta fara da ƙananan kalmomi:
ludayi, murfi, Laraba.
In ce a miƙo min abin nan,
abin nan dai.
Maame Akosua, shekara bakwai tana sayen na sidi goma,
na dubi fuskarta,
sunan ya tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi.
Canjin hamsin sai na ƙirga sau uku,
ni da ke lissafin kasuwa da ka ina soya ƙwai.

Kwalba kuwa ba ta iya ƙarya ba.
Ta wata guda ce, ta ƙare ran ashirin.
Ya girgiza ta a kunne,
"Yaya, ko biyu-biyu nake sha ban sani ba?"
Na ce wataƙila.
Ya ce bari maigida ya biya mu.

Ran Alhamis waya ta yi ƙara.
Na same shi tsakanin ƙarafa,
baƙin mai a gashi, jini a gefen baki.
Na ture yaron da ke neman cusa masa cokali,
na juya shi kan gefe yadda nas ta koya min,
na ɗora kansa a cinyata,
cinyar da yanzu ƙashinta ke taɓa kunnensa.
Na buɗe baki in kira shi.
Ni fa na goya yaron nan.
Sunan bai zo ba.
Na ce, "Kai. Kai, ɗan'uwana."

Likita ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ajiye biro ta daɗe tana kallona,
ta ce ba a dirowa daga wannan mota tana gudu,
sai a hankali, kuma a gabanta.
Ta ce zancen ƙiba mu yi shi da rana,
ni da ita, da sunana a kan kati.

Yanzu kwalbar na aljihunsa.
Bai tambaye ni ba, ban kuma daina jira ba.
Yunwa ta dawo wata Juma'a
a bayan ƙamshin masar maƙwabta.
Ludayi ya dawo jiya.
Kullum kafin in kunna wuta
nakan ce Mutawakilu sau uku,
in ji ko yana nan.